Sallama Kafin A Danna

Ni ba na rubutu, karatun ma iyakata abin da zan yi sallah da shi. Autata Rabi, wadda ke koyarwa a firamare, ita ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa. Abin da ya sa na zaunar da ita shi ne 'yan matan unguwarmu a nan Ƙaraye. Sukan shigo su ga ɗan akwatin nan da nake haɗawa da talabijin, wanda ke janyo fina-finai ta iska, su ce, "Iya, ashe wannan ce sana'ar taki? Ai dannawa ce kawai." To, ku zauna ku ji abin da ke bayan dannawar, ku kuma ji yadda na sami akwatin, da daɗinsa da wuyarsa.

Aikina na farko a Tudun Kaya ne, wani suna da aka yi bayan an cire gyaɗa. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, shi ne mai bidiyo. Yana da talabijin mai ƙaton ƙeya, da bidiyo mai cin kaset, da ƙaramin janareta, yana nuna wa maza kallo a ƙofar gida. Mata suka yi ta aike: mu fa? Namiji kuwa ba ya wuce zaure. Sai ya dube ni wata rana ya ce, "Ke za ki shiga." Na ce ni da ko rediyo ban iya kamo tasha ba? Ya ce, "Kin iya kama kaza, za ki iya kama wannan. Shi ba ya ma gudu."

Kwana uku ya yi yana koya mini a tsakar gida. Ranar sunan ya tsaya a zaure da janareta, ya jefo waya ta kan katanga, ni kuma na naɗa gammo na ɗauki talabijin a ka na shiga. Na haɗa wayoyi yadda ya nuna mini, ja ga ja, fari ga fari, na tura kaset. Murya ta fito, hoto bai fito ba, sai wani abu kamar ana zubar da gero. Mata sun fi arba'in sun zuba mini ido. Na je gindin katanga na ce, "Malam, gero yake zubarwa." Ya ce, "Wayar nan mai ruwan ɗorawa, kin tura ta har ƙarshe?" Ban tura ba. Daga ranar nake bin kowace waya da yatsa sau biyu kafin in kunna.

Kayan aiki a lokacin sai da sanin halinsu. Ba a sa kaset sai an ji kukan janareta ya daidaita. In ya fara tari, a kashe talabijin tukuna, kada wuta ta yi tsalle ta ƙone shi. In hoto ya fara rawa, akwai ɗan maɓallin da ake murzawa a hankali kamar ana zare ƙaya. In ya ƙi, kan bidiyo ya yi datti, sai a buɗe a goge da farin ƙyalle mai tsabta, gefe ɗaya ake bi, ba a komawa baya. Tunda ba na karatu, kowane kaset na ɗaura masa zare. Jan zare na ban dariya, kore na wa'azi, shuɗi na ban tausayi, in kuma na ƙulla sau biyu to kashi na biyu ne. Ko ido rufe na sa hannu a kwando, wanda nake so zan ɗauko.

Amma duk wannan ba shi ne sana'ar ba. Sana'ar ita ce abin da Malam ya faɗa mini tun daren farko, ya kuma maimaita har ya gaji: kada ki nuna abin da ba ki kalla ba har ƙarshensa. A cikin gida suruka na zaune, matar ɗanta na gefe, ga 'yan mata, ga ƙananan yara. Akwai wurin da in ya zo a fim, kunya za ta hana mutum biyu haɗa ido har mako. Sai na san wurin tun a gida, in san abin da ke zuwa gabansa, da na ga alamar sai in danna ya gudu. Wata ta ce, "Iya, kin tsallake!" In ce, "Kaset ɗin ne ya ci tuwo a wurin." Kowa ya san ƙarya nake, kowa ya ji daɗinta. Haka kuma da an kira sallah nake kashe komai, ko da an ɗaga wa mutum takobi ne. Ya jira, ba zai mutu ba sai mun idar.

Wani biki a wani ƙauye da ake kira Turawa ba na manta shi. Fim ne na wata ƙasa mai nisa, tun kafin a fara sa musu Hausa a baki, don haka ni ce mai fassara. Yarensu ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na kalla sau huɗu, na san wanda ya ci amana da wanda aka cuta. Ina tsaye gefen talabijin ina cewa, "Ya ce mata, wallahi gonar nan ta ubana ce." Ana cikin haka mugun ya laɓaɓo bayan yaron kirki, sai wata tsohuwa da ke damun fura ta yi kururuwa, "Kai ɗan nan, bayanka!" Ta wurgo ludayi. Da ƙirjina na tare shi. Na koma gida da fura har wuya, Malam ya dube ni ya ce, "Yau kuma da me aka biya ki?"

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce wadda ruwa ya yi yawa har rufin ɗakinmu ya yi yoyo ba mu lura ba. Kaset-kaset ɗin suna cikin adaka a kusurwa. Da muka buɗe bayan damina, duk sun yi fumfuna, fari fat kamar an barbaɗa gari. Na sa ɗaya a wani gida, bidiyo ya tauna shi ya tofar. Muka zauna ni da Malam muna kwance su ɗaya bayan ɗaya, shi yana juyawa da yatsa, ni ina riƙe da ƙyalle zaren cikin kaset ɗin yana bi ta ciki. Waɗanda suka tsira ba su rufe gindin kwando ba. Kafin mu farfaɗo, janareta ya yi tsallen da muke tsoro, talabijin ya yi hayaƙi. Wannan rani ƙuli-ƙuli na yi ta soyawa, shi kuma ya koma sassaƙar ƙotar fartanya. In na wuce mata su ce, "Iya, yaushe?" In ce, "Sai Allah ya yi." Ya kuwa yi, amma sai da wata damina ta zagayo.

Bayan kaset aka yi faifai, wanda ƙarzuwa kaɗan ke sa mutum ya daskare baki buɗe. Bayan faifai aka yi ɗan abin nan kamar ƙwayar wake da ake turo fina-finai a ciki. Muka bar janareta muka koma batir mai cin rana. Kowanne ya zo, Malam ne zai fara kwana da shi, ya gane halinsa, sannan ya shimfiɗa tabarma ya ce, "Zo ki gani." Da waya ta shiga hannun kowa aka ce tamu ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Kallon waya na mutum ɗaya ne, tsofaffi kuma ba sa ganin ƙaramin hoto. Ranar taro ana son abin da za a yi dariyarsa tare, ana kuma son wadda za a amince ba za ta kunyata gida ba.

Wannan akwatin shi ma Malam ne ya sayo shi a Kano, tare da wata 'yar na'ura mai layin waya a ciki, wadda ke janyo masa sabis. Ya ce in an gama girbi zai koya mini. Ba a gama girbin da shi ba. Kwana tara ya yi a kwance. Rabi, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara: har yau ina kukansa, ba na kuma ɓoyewa. Shekara talatin da wani abu muna tafe, shi a zaure ni a ciki, katanga ce kawai tsakaninmu. Duk ƙarfen da na taɓa riƙewa shi ya sa mini a hannu, sai wannan kaɗai ya bar mini a kwali.

Da na fita takaba sai na fara jin magana. Ba da mugunta ba, amma ana cewa ai aikin na Malam ne, ya tafi da abinsa, Iya sai ta huta. Har wani ya aiko yana tambayar ko za a rabu da talabijin. Na ce wa Rabi ta buɗe kwalin. Na ƙudura a raina zan gwada aiki ɗaya. In na iya, na ci gaba. In na ji kunya, a zo a ɗauki talabijin.

To ga abin da na gani a akwatin, ga mai son saye. Bai kai tafin hannuna ba, a lalitata nake sa shi. Ba a goge masa kai, ba ya fumfuna, ba ya tauna komai. Waya ɗaya ce tsakaninsa da talabijin, baki ɗaya gare ta, ba ta shiga inda ba nata ba. Hotonsa kuwa har zanen lalle za ki ƙirga a hannun amarya. Abin kallo ba ya ƙarewa: fim, wa'azi, girki, har yadda ake kiwon kaji a ƙasashen da ban san sunansu ba. Wannan duk gaskiya ne, na yaba.

Amma yana da halinsa. In sabis ya yi rauni, sai ya tsaya yana juya wata 'yar ƙawanya a tsakiyar fuskar mutum, ba roƙon da zai sa ya yi sauri. Na gane 'yar na'urar tana son tudu, don haka duk gidan da na je nakan sa ta a ƙwarya in ɗora a kan rumbu ko katanga. Data kuma yana cin ta kamar fara a gonar gero. Rimot ɗinsa ƙarami ne, in ya faɗa cikin zani sai an miƙe an kakkaɓe. Yana sako talla a tsakiyar labari ba da izinin kowa ba, in fim ya ƙare kuma sai ya jawo wani da kansa, wanda ban kalla ba. Don haka babban yatsana ba ya barin rimot, na kuma yafa ɗankwali a kan talabijin, da talla ta leƙo in sauke shi. Babbar wuyarsa gare ni ita ce komai nasa rubutu ne, ba kuma inda zan ɗaura zare.

Rabi ta nuna mini wani maɓalli a saman rimot. Ta ce in na danna na riƙe, na faɗi sunan fim, zai nemo. Na yi murna, na ce ashe an tuna da irinmu. In ta tafi makaranta sai in zauna in gwada. Kullum abin da yake kawo mini daban ne: yaran Larabawa suna waƙa, ko wani malami da allo yana koya wa baƙi gaisuwa. Na gaya mata, ta ce, "Inna, ba ya jin Hausa sosai ne, rabu da shi. Zan riƙa ajiye miki fim ɗin a hoton farko, ki danna tsakiya kawai." Muka bar shi a haka.

Aikin gwajin ya zo daga Rogo Ruma, gidan dagaci. Hajiya Yalwa, yayar dagacin, wadda duk cikin gidan ke hannunta, ita ta aiko cewa za a yi wunin bikin jikarta, kuma ba ta yarda da kallon kowa ba sai nawa. Ranar Laraba ce, Rabi na makaranta. Fim ɗin da suka zaɓa na ban dariya ne, na wasu fatake biyu da jakunansu suka musanya a kasuwa. Na kalle shi sau uku a gida. Rabi ta ajiye shi a hoton farko, mai a-daidaita-sahu ya kai ni da kaya.

Bayan azahar na ɗora ƙwarya a kan rumbu, na bi waya da yatsa, na danna tsakiya. Fim ya taso sumul. Talla ta zo sau biyu, na sauke ɗankwali, mata suka sha ruwa suka gyara goyo. Ana ta dariya har aka kira la'asar, daidai inda fataken suka haɗu a bakin rijiya. Na kashe komai yadda na saba.

Kaset in ka kashe shi, inda ka bar shi nan za ka same shi. Da muka idar na kunna, sai na ga hotunan sun sake zama. Hoton farko wani mutum ne da ƙwallo. Na matsa dama, na matsa ƙasa, ba fatake ba jakuna. Tsakar gida cike, Hajiya Yalwa a kan kujerarta da carbi, tana jira. Na ce a raina, yau talabijin zai bar gidana.

Ba abin da ya rage sai maɓallin nan na sama. Na danna na riƙe, na kai rimot bakina, na ce, "Salamu alaikum, ina wuni, ina gajiya? Don Allah in ba damuwa, fim ɗin nan nake so..." Kafin in kai sunan, sai ga yaran Larabawa sun cika talabijin suna tafi. Gida ya ɗauki dariya. Na sake, wannan karon har da "yaya iyali", sai ga malamin nan da allonsa.

Wata ƙawar amarya mai suna Zinatu, mai ido a tsaye, ta riƙe ciki ta ce, "Wayyo Iya! Ai gaisuwar taki yake ji. Numfashinsa gajere ne, abin da kika fara faɗa shi yake ɗauka. Kin ce salamu alaikum, ya kawo miki salamu alaikum. Ƙarfe ne fa, ba surukinki ba. Faɗi sunan kawai!"

Sai a lokacin na gane. Wata guda ina zarginsa da rashin jin Hausa, ashe abin da na roƙa shi yake ba ni. Na ɗaga rimot zan faɗi sunan tsirara, bakina ya yi nauyi. Shekara sittin da ɗoriya ban taɓa buɗe baki na nemi abu wurin kowa ba gaisuwa ba. Kafin in tilasta wa harshena, Hajiya Yalwa ta ɗaga hannun da ke riƙe da carbi.

"Ke Zinatu," in ji ta, "wa ya yanke miki cibiya?"

"Ke ce, Hajiya."

"To saurara. Jaki ma sai an shafa wuyansa kafin a ɗora masa mangala. Ga jikokina zaune. Ba a gidan nan za su ga babbar mace ta nemi abu ba sallama ba, gobe su je su yi wa mutane."

"To Hajiya, sai mu wuni muna kallon yaran Larabawa," in ji Zinatu a hankali. Waɗanda ke kusa da ita suka toshe baki.

Ga ni tsakanin biyu. In na gaisa, ba fim. In ban gaisa ba, na saɓa wa mai gida a gaban baƙinta, wanda ya fi rashin fim muni. Na dubi rimot ɗin a hannuna, na dubi babban yatsana a kan maɓallin. Sai na lura da abu ɗaya: wata 'yar fitila ce ke kamawa in na danna, ta mutu in na saki. Ashe kunnen nasa a ƙarƙashin yatsana yake. In ban buɗe masa ba, ba ya jin komai.

Na ɗage yatsa. Na fuskanci talabijin, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Salamu alaikum."

Ban yi zaton amsa ba. Sai Hajiya Yalwa ta ce, "Wa alaikumus salam."

Na ce, "Ina wuni?"

Mata suka ɗauka gaba ɗaya, har da Zinatu, "Lafiya lau!"

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya!"

Sannan na danna, fitila ta kama, na faɗi sunan fim ɗin, kalma biyu, na saki. Ƙawanya ta juya sau ɗaya, sau biyu. Sai ga jakunan nan, kunnuwa a tsaye. Aka rangaɗa guɗa kamar amarya ce ta shigo. Daga farko ya faro, amma wannan ba ta dame ni ba. Na riƙe maɓallin gudu ina kallon hotuna suna wucewa, kasuwa, hanya, itacen kuka, da na hango gugar rijiya na saki. Daidai inda muka tsaya. Na juya baya kamar ina gyara waya, na share idona da gefen mayafi.

Tun daga ranar haka nake yi a kowane gida, labari kuma ya riga ni zuwa. Da na ɗaga rimot mata ke gyara zama, suna jiran su amsa masa. Mai son sayen akwatin nan ta saya, yana da kyau, ya fi duk waɗanda na riƙe sauƙin ɗauka. Amma ta san ba shi da kunya, ba ya sanin wa ke zaune, ba ya jin kiran sallah. Waɗannan sai mai riƙe da shi.

Da na gama naɗe wayoyi a ranar, na je yi wa Hajiya Yalwa sallama. Ta riƙe hannuna ta yi wa Malam addu'a mai tsawo, na amsa ina hawaye. Sannan ta ce, "Matar ƙaramin ɗanmu ta kusa sauka. Ranar suna ki zo da wuri, ki taho da baƙon naki. Tunda ana gaishe shi ana amsawa, ya zama ɗan gida."

Wanda ya aiko tambayar talabijin, na sa an gaya masa ya nemi wani. Allah ya haskaka kabarin Malam, ya sa ya huta. Rabi, ajiye biron haka, ki fitar da batir rana. Jibi muna da aiki a ƙauyen Turawa.